Yadda Namiji Zai Shirya Waƙar Anime Don Walima Ko Dandamali

Da zarar Nuwamba ta kama, saƙonnin 'yan'uwa da ke karatu ko aiki a Japan sukan fara shigo mini, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: "An sa sunana cikin masu waƙa a bonenkai, me zan rera?" Bonenkai ita ce walimar ƙarshen shekara da ma'aikatu da ɗakunan bincike na jami'o'i ke yi a Disamba, kuma sau da yawa daga wurin cin abinci ake zarcewa ɗakin karaoke, inda inji ke kunna kiɗa, kalmomin waƙa na fitowa a allo, mutum yana rerawa. Wasu kuma bikin auren abokin aiki ne ya taso, wasu bikin jami'a na lokacin kaka. Maimakon in riƙa amsa wa kowa shi kaɗai, ga hanyar da nake bi tun daga zaɓen waƙar anime, wato katun ɗin Japan, har zuwa ajiye makirufo. Ka ware mata mako uku. Idan kwana goma kawai ya rage maka za ta yiwu, amma sai ka tsaya kan waƙa ɗaya tak.

1. Fara da sanin su wa za su zauna a ɗakin

Kafin ka buɗe YouTube, nemi mai shirya taron ka tambaye shi abu uku: mutum nawa ne, shekarun manyan cikinsu nawa, kuma minti nawa aka ba ka. Waƙar walima ta jama'a ce. Aikinka ka ɗauko wadda za su karɓi amshinta ba tare da ka roƙe su ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Ɗauki shekarar haihuwar yawancin mutanen, ka ƙara mata 8 zuwa 14, sai ka duba katun ɗin da ake nunawa a talabijin a wannan tsakanin. Wanda aka haifa a 1965 ya tashi da Mazinger Z na 1972 da Uchu Senkan Yamato na 1974. Wanda aka haifa a 1985 ya tashi da Dragon Ball Z, da Slam Dunk, ya kuma riski Digimon da One Piece a 1999. 'Yan shekara ashirin da wani abu kuwa Naruto ne nasu, da Attack on Titan, da My Hero Academia.

A walimata ta farko a ɗakin bincikenmu, na zaɓi "Unravel" ta Tokyo Ghoul saboda ita ke bakina dare da rana. Ɗalibai biyu ne kawai suka san ta. Farfesanmu ya zauna yana riƙe da kofinsa, yana murmushin ladabi har na gama. Da shekara ta zagayo na rera ta Yamato. Tun daga busar ƙahonin farko dattijon ya ajiye kofin ya miƙe tsaye, ya dafa kafaɗata, muka kai ta ƙarshe tare. Muryar da na je da ita bara ita na dawo da ita. Lissafin ɗakin ne na gyara.

Gargaɗi: idan waɗanda za ka yi wa waƙar 'yan'uwa ne da suka tashi a Sudan, Chadi ko Saudiyya suna kallon tashar katun ta Spacetoon, ka sani yawancin katun ɗin da aka fassara zuwa Larabci an yi musu sababbin waƙoƙi ne. Ta Japananci ba lallai ta taɓa musu zuciya ba, ko da sun haddace labarin.

2. Auna muryarka

Sauke manhajar fiyano ta kyauta a wayarka. Da rana, bayan muryarka ta warware, fara daga tsakiyar fiyanon kana bin kowane maɓalli da "aaa", kana sauka har inda murya ta fara gurnani. Rubuta wurin. Koma ka hau sama har inda ka fara ɗaga haɓa ko jijiyar wuya ta fito. Maɓalli biyu ƙasa da wannan wurin, nan ne iyakarka ta gaskiya, domin a gaban mutane tsoro yakan cinye maka kaɗan daga sama.

Gargaɗi: kada ka yi wannan awon da asuba ko bayan ka sha kallon ƙwallo kana ihu. Sakamakon zai yaudare ka.

3. Zaɓi waƙa biyu, babba da ta ko-ta-kwana

Idan muryarka mai kauri ce, ta ƙirji, ka yi sa'a da tsofaffin waƙoƙi. Ta Yamato, wadda Isao Sasaki ya rera, tafiyar soja ce, a natse take, kalmominta a rarrabe. Ta Mazinger Z ta marigayi Ichiro Mizuki gajeriya ce, kuma tana da ihu guda wanda duk ɗakin zai yi tare da kai. Ga sabon shiga, waɗannan biyun ne nake fara ba shi.

Mai matsakaiciyar murya ya duba "Cha-La Head-Cha-La" ta Hironobu Kageyama, mabuɗin Dragon Ball Z tun 1989. A ganina babu waƙar anime ta maza da ta kai ta haɗa tsara da tsara: shugaban sashe ya san ta, sabon ma'aikaci ya san ta, baƙi 'yan Brazil da Faransa ma sun san ta. Bayanta sai "Butter-Fly" ta marigayi Koji Wada, da "We Are!" ta Hiroshi Kitadani, dukansu na 1999. Ga ɗakin samari zalla, "Silhouette" ta KANA-BOON ta 2014 da "Peace Sign" ta Kenshi Yonezu ta 2017 suna tada wuri, sai dai duk biyun suna da tsayi, za ka buƙaci mataki na 6.

Idan ku biyu ne, "GO!!!" ta FLOW ta 2004 daman mawaƙa biyu ne suka yi ta, rabon baitocin a shirye yake. Haka "Ai wo Torimodose!!" ta Crystal King ta 1984: ɗaya yana riƙe ƙasa, ɗaya yana tsaga sama. Amma kada ka karɓi ɓangaren saman sai ka tabbata Allah ya ba ka irin wannan muryar.

Akwai waɗanda nake hana sabon shiga taɓawa, ko da yana son su. "Unravel" tana buɗewa da siririyar muryar nan da Japanawa ke kira uragoe, babu kiɗan kirki da zai rufa maka asiri, daga baya kuma ta koma kururuwa. "Kick Back" ta 2022 tana canza hanya ba sanarwa. "Bling-Bang-Bang-Born" ta Creepy Nuts ta 2024 gudun kalmominta su kansu Japanawa yana kayar da su. "Guren no Yumiya" ta 2013 kuma da Jamusanci take buɗewa, sannan ba ta ba ka wurin numfashi. Ka bar su sai shekara ta biyu.

Gargaɗi: tambayi mai shirya taron ko wani babba yana da waƙar da aka san shi da ita. Suna kiran irin wannan juhachiban, wato "lamba 18". Idan ka riga shi rera ta, ba wanda zai ce maka uffan, amma ka taka sawun da bai kamata ba. Amfanin waƙa ta biyu ke nan.

4. San abin da kake faɗa

Nemo fassarar waƙar ka karanta daga farko har ƙarshe, ko ka zauna da abokin da ya ji harshen ya warware maka. Wannan hakkin kanka ne a matsayinka na mai addini da mutunci, kada bakinka ya furta abin da ba za ka yarda ka faɗa da Hausa ba. Yana kuma taimaka wa hadda, domin abin da ka fahimta ya fi zama.

Gargaɗi ga mai zuwa bikin aure: Japanawa suna ƙyamar kalmomin rabuwa, yankewa da ƙarewa a wurin aure. "Sekai ga Owaru Made wa" ta WANDS, ta Slam Dunk, waƙa ce mai daɗin gaske ga muryar namiji, amma kalmar ƙarewa tana cikin sunanta, kuma zancen kewa ne da rashi. Ajiye ta don daren abokai. A wurin aure, nuna wa mai gabatar da taro kalmomin waƙarka tun da mako guda.

5. Furuci: nan Bahaushe ke da riba

Wannan matakin ya fi kowanne cin lokaci, kuma shi ne inda muka fi Turawa sauƙi nesa ba kusa ba. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kamar namu. Suna bambanta gajeren wasali da dogo kamar yadda muke bambanta gari na mutane da gari na tuwo. Suna da shadda kamar yadda baba ya bambanta da babba. Duk wanda ya zauna gaban allo ya san madda da shadda, kunnensa ya riga ya horu.

Nemo kalmomin a rubutun boko, wanda ake kira romaji, ka kwafe su da hannunka a takarda, layi ɗaya ka tsallake ɗaya. Sai ka bi su da jan biro kamar haka:

Duk inda ka ga "ou" ko "uu" ko wasali mai sanda a kai, ja masa layi, madda ce. Yuki ƙanƙara ce mai sauka daga sama, yuuki kuma jarumta. Kalmar jarumta ta cika waƙoƙin anime, in ka gajarta ta ka koma zancen sanyi.

Duk inda baƙi ya ninku, kamar "tt", "kk" ko "pp", sa masa shadda. Kite na nufin zo, kitte kuma kan sarki ne na wasiƙa. A cikin waƙa wannan ɗan tsayawar yana cin bugu guda na kiɗa, in ka haɗiye shi za ka riga kiɗan isa ƙarshen layi.

Harafin "n" da ke tsaye shi kaɗai a ƙarshen gaɓa shi ma bugu guda ne. Mu mukan manna shi da gaɓar da ta gabata, su kuwa mawaƙansu sukan ba shi nasa sautin. Kewaye shi.

"Ch" tasu ita ce "c" tamu, kamar a ciki. "Sh" da "j" kamar namu. "R" tasu bugun harshe ɗaya ce mai sauƙi, kada ka kaɗa ta. Idan ka ga "ha" tsaye ita kaɗai bayan suna, "wa" ake karanta ta, "he" kuma "e".

Wurare biyu ne ke kama mu. Na farko "tsu". Kada ka yi mata "ts" ɗin tsuntsu ko tsamiya mai ƙarfi daga maƙogwaro. Tasu "t" ce da "s" a manne, da iska mai laushi. Na biyu "p". Harshenmu yakan mayar da ita "f", su kuma suna bambanta su sarai. Riƙe 'yar takarda gaban leɓenka, rufe leɓe gam, ka sake su da ƙarfi har takardar ta motsa. Yi haka sau ashirin kullum. Wanda zai rera "Pegasus Fantasy" ta 1986 ga jarrabawarsa nan tun a suna, "p" da "f" kusa da juna.

Bayan alamomin, karanta kalmomin kamar magana, ba kiɗa, kwana biyu. Sannan kunna waƙar a YouTube ka rage gudunta zuwa 0.75 ka bi mawaƙin. Sai bakinka ya daina tuntuɓe za ka koma gudun asali.

Gargaɗi: allon karaoke a Japan ba ya nuna waƙoƙin Japananci da romaji a mafi yawan lokuta. Kanji ne, wato haruffan Japananci masu asali daga China, da ƙananan haruffan hiragana masu nuna yadda ake karanta su a samansu. Ko dai ka haddace waƙar tsaf, ko ka koyi haruffan hiragana 46. Riƙe waya kana karantawa a gaban jama'a yana kashe armashi, idonka na ƙasa, ɗakin ya tafi ya bar ka.

6. Gyara tsayin kiɗan ya dace da kai

Injinan karaoke manya biyu ne a Japan, DAM da JOYSOUND, kuma kowanne yana da maɓallin ɗaga kiɗa ko sauke shi, abin da suke kira ki. Kowane dannawa rabin sauti ne, dannawa 12 ke cika zagaye guda. Nemo wuri mafi tsayi a waƙar, galibi a amshin ƙarshe yake, ka gwada shi kaɗai. Idan ka maƙale, sauke biyu ka sake. Ci gaba har sai ka iya yin amshin sau uku a jere ba tare da wuya ya ɗaure ba. Rubuta lambar a saman takardarka.

Maza da yawa suna jin kunyar sauke kiɗa, kamar gazawa ce. Babu wanda ke duba lambar a allo, amma kowa yana jin murya in ta tsage. Ni kaina "We Are!" a sauke nake yin ta.

Idan waƙar mace ce, irin ta Evangelion ta Yoko Takahashi ta 1995, wadda ba a raba ta da ɗakunan karaoke, ko "Gurenge" ta LiSA ta 2019, hanya biyu ce. Ko ka sauke 4 zuwa 5 ka bi ta da ƙarfi, ko ka ɗaga 4 zuwa 5 sannan ka rera da muryarka ta ƙasa, zagaye guda ƙarƙashin kiɗan. Ta biyun ta fi wa mai kaurin murya.

Gargaɗi: kada ka bar ta a yadda take ka riƙa binta daga can ƙasa. Baitocin za su nutse, ba mai jin ka sai a amshi.

7. Yanke tsawo, ka tanadi kiɗa marar murya

Abin da mutane suka haddace shi ne daƙiƙa 90 ɗin da ake sawa a farkon kowane kashi na katun. Cikakkiyar waƙar takan kai minti 4, da baiti na biyu wanda kusan ba wanda ya sani. A ɗakin karaoke, duba ko akwai gajeren zubi na talabijin, ko wanda ke nuna hotunan katun ɗin na ainihi, shi ya fi tada tsohon tsumi. In babu, za ka iya tsayar da taka da kanka bayan amshin farko, ana yin haka.

Ga dandamali kuwa kai za ka kawo kiɗanka. Fayafayan waƙoƙin Japan sukan zo da zubin da babu murya, kuma ana sayar da waƙa ɗaya a intanet kimanin yen 250. Manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce a kwamfuta, da ita za ka sauke ki, ka kuma datse waƙar. Idan ka wuce hawa 4 ko 5, kiɗan yakan fara dusashewa, saurare shi a babbar lasifika kafin ka amince.

Gargaɗi: kada ka dogara da intanet ɗin zauren. Sa kiɗan a filashi da kuma waya. Zaurukan aure a Japan suna da ƙa'ida kan haƙƙin mallaka, wasu sai ka kawo faifan asali, don haka tambaye su da wuri.

8. Atisaye da abin da zai ci

Mako na farko na furuci ne, a ɗakinka, ba ko sisi. Daga mako na biyu ka shiga ɗakin karaoke kai kaɗai. Wannan ba baƙon abu ba ne a can, har suna gare shi, hitokara. Ana biya ne kan kowane rabin awa, kuma da rana a ranakun aiki 'yan ɗaruruwan yen ne, sai dai wurare da yawa suna wajabta sayen abin sha guda. Daren Juma'a da Asabar farashin yakan ninka, a Disamba kuwa ya fi haka. Gidajen karaoke na Manekineko suna barin mutum ya shigo da abin shansa, wannan yana rage kashe kuɗi. Zuwa uku na awa ɗaya ya isa.

A kowane zuwa, ɗumama murya minti biyar, kunna muryar jagora, wato muryar da injin ke rera waƙar da ita tare da kai, in waƙar tana da ita, a karo biyun farko, sannan kashe ta. Ajiye waya ta ɗauki sautinka, ka saurara a jirgin ƙasa kan hanyar gida. Duk inda ka ji numfashi ya yanke maka, sa alama a takarda inda za ka shaƙa kafin wurin.

Gargaɗi: tambayi wane inji ne a wurin taron, DAM ko JOYSOUND, ka yi atisaye da irinsa, domin kiɗansu yakan ɗan bambanta. Makin da injin ke bayarwa kuma kada ya ɗauke maka hankali, daidaiton sauti yake aunawa, ba ya ganin fuskokin mutane. A zuwan ƙarshe ka juya wa allo baya ka yi ta da ka.

9. Makirufo

Riƙe shi a tsakiyar sanda, tazarar yatsa biyu daga baki, yana fuskantar bakinka kai tsaye. In za ka yi ihu, ja shi baya kamar taƙi guda. Kada ka dunƙule hannu a kansa, kada ka nuna shi ga lasifika, duk biyun suna jawo ƙarar nan mai huda kunne. Rage amsa-kuwwa zuwa matsakaici, in ta yi yawa tana cakuɗa kalmomin da ka sha wahalar gyarawa. A dandamali ka nemi a haɗa wayarka da igiya, Bluetooth yakan yi jinkiri ko ya yanke, sannan ka sa ta a yanayin jirgin sama kada kira ya shigo tsakiyar amshi. Je da wuri ka gwada amshi ɗaya tare da mai kula da sauti.

10. Ranar taron

Tun kafin ranar ka gaya wa mai shiryawa ba ka shan giya kuma ba ka cin alade, zai tanadar maka shayi ko lemo ba tare da surutu ba. Kusa da lokacinka ka tsaya kan ruwa marar sanyi, kada ka cika ciki.

A ɗakin karaoke bi da bi ake yi. Sa waƙa ɗaya a na'urar zaɓe, ka miƙa wa na kusa da kai. Kada ka jera biyu, kada ka taɓa maɓallin tsayarwa lokacin waƙar wani, kada ka ɗauki makirufo na biyu sai an miƙo maka. In wani yana yi, tafa masa ko ka ɗauki kacau-kacau ɗin da ke kan tebur. Wanda ka tafa wa shi zai karɓa maka amshi. Na uku ko na huɗu ya fi dacewa da kai, lokacin ɗaki ya ɗau zafi amma ba a gaji ba.

Da sunan waƙarka ya fito a allo, miƙe tsaye, duba lambar ki ta shiga, ka faɗi jimla ɗaya kawai: sunan katun ɗin, da cewa kai ma ka kalle shi. Baitin farko ka yi shi a natse, idonka kan mutum ɗaya da ka ga yana gyaɗa kai. Da amshi ya matso, ɗaga hannun da ba ya riƙe da komai, a layin da kowa ya sani kuma ka juya makirufon wajen jama'a, nesa da lasifika, ka bar su su cike. Idan kalma ta ɓace maka, ci gaba da bin karin da "la la" har layi na gaba ya zo, kada ka tsaya ba da haƙuri. In kiɗa ya ƙare, ɗan rusuna ka ce arigato gozaimashita, wato na gode, kashe makirufon, ka miƙa shi da hannu biyu ga mai bi maka.